Birnin Gini Da Birnin Mutane

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, amma yaro ba shi da guzuri, ba shi da fasfo. Iyakar tafiyarsa daga gida zuwa makaranta, in ya yi nisa ƙwarai ya kai kasuwa. Sabo da haka masu tarbiyyar yara suka nemi dabarar kawo masa duniya har inda ya ke. Dabarar da ta fi karɓuwa a wurinsu ita ce a rubuta masa littafi a kan wani babban birni na wata ƙasa, a ƙawata shi da hotuna, ya karanta ya ga kamar ya je. Fatansu shi ne, yaron da ya saba da biranen waɗansu tun yana ƙarami, in ya girma ba zai ɗauki mutanen waɗannan birane dodanni ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin 1950 kimanin mutum 30 ne kurum cikin ko wane 100 su ke zaune a birni. Zuwa wajen 2007 mazauna birni sun kai rabin mutanen duniya, tun daga nan kuwa ƙaruwa su ke yi. Watau yawancin yaran da ke makaranta yanzu za su yi zaman duniyarsu ne tare da mutanen da ba danginsu ba, masu harshe dabam da addini dabam. Abin da aka cusa musu game da baƙo tun suna ƙanana, da shi za su yi aiki in sun girma.

Wadda ta fi kowa tsayawa a kan wannan ra'ayi wata mace ce mutuniyar Jamus, sunanta Yella Lefman. Bayahudiya ce, ta gudu zuwa Ingila cikin 1936 sabo da zaluncin Hitila. Da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945 ta komo, ta tarar da ƙasa a rushe, yara kuwa sun shekara 12 ba su karanta kome sai abin da gwamnatin Nazi ta yarda da shi. Sai ta rubuta wa ƙasashe, har da waɗanda Jamus ta yaƙa jiya-jiya, ta roƙe su su aiko da littattafan yaransu. Cikin 1946 ta baje su a birnin Munik kowa ya gani. Cikin 1949 ta buɗe ɗakin karatu na littattafan yaran duniya a can, har yanzu kuwa yana nan yana aiki. Cikin 1953 kuma aka kafa ƙungiyar duniya ta littattafan yara a Zurik bisa ga shawararta. Ita a ganinta, tun da manya sun kasa shiryawa, sai a fara daga yara.

Niyya dai ta yi kyau, amma kyan niyya ba ya gyara littafi. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne, cikin littattafan da aka rubuta wa yara a kan birane, wane iri ne ke yin wannan aiki sosai, wane iri ne kuma ke tsayawa a rabin hanya. Za mu auna su da marubuta biyu, ko wane gwani ne a hanyarsa.

Littattafan Shashek

Miroslab Shashek mutumin Firag ne, babban birnin ƙasar Cek. An haife shi cikin 1916, ya koyi zanen gine-gine, ya tafi Paris cikin 1947 don ƙarin ilmi. Da 'yan gurguzu suka karɓe mulkin ƙasarsu cikin 1948 sai ya ƙi komawa, ya yi ta zaman baƙunci har ya rasu a Suwizalan cikin 1980. Cikin 1959 ya fitar da This is Paris, watau Ga Paris, da This is London, watau Ga Landan. Da suka karɓu sai ya ci gaba: Rum da Niyu Yok cikin 1960, Edinbara da Munik da Banis cikin 1961, San Faransisko cikin 1962, Hong Kong cikin 1965, da sauransu, har suka cika 18 cikin 1974.

Siffarsu duka ɗaya ce. Littafi ne mai faɗi, ko wane shafi da hoto mai launi, a gefensa layi ɗaya ko biyu na bayani. Ba labari a ciki, ba gwarzo, ba mugu. Mai littafin ya kama hannun yaro ne ya zaga gari da shi, yana nuna masa, ga kaza, ga kaza. Duk wanda ya buɗe su ya san ƙwararre ne ya yi su. Da ya ke ya koyi zanen gini, hasumiya da gada da majami'a suna fitowa a hannunsa daidai wa daida, sa'an nan ya zuba mutane a gindinsu masu ban dariya, wani siriri kamar sillen kara, wani kamar tulu. Yana da idon baƙo, mai kula da abin da ɗan gari ya daina gani don sabo: irin tufafin ɗan sanda, launin motar haya, yadda a ke jera kaya a kasuwa. Yaron da ya duba su zai iya bambanta Landan da Paris ko daga barci aka tashe shi. Wannan amfani ne, ba mai musu.

Amma in muka auna su da ma'aunin Yella Lefman, sai mu ga suna da rauni uku.

Na farko, mutanen da ke cikin hotunan nan ba su da suna, ba su da uwa, ba su da wata damuwa. Ɗan sanda an tsayar da shi ne don a ga hularsa, mai talla kuma don a ga kwandonsa. Ba wanda ke jin yunwa, ba wanda ke jiran wasiƙa. Abin da zai zauna a zuciyar yaro shi ne, mutanen Landan su ne masu laima da baƙar malafa, mutanen Banis su ne masu tuƙa kwalekwale. Wannan kuwa shi ne mafarin yi wa al'umma kuɗin goro. Gaskiya ne kuɗin goron Shashek na ƙauna ne, ba na ƙiyayya ba, amma yaron da ya saba da ganin mutane jinsi-jinsi kamar kaji a akurki, ranar da wani ya zo masa da kuɗin goro na ƙiyayya ba shi da abin da zai tare shi da shi.

Na biyu, ilmin gini da ƙididdiga yana tsufa da sauri. Sa'ad da Shashek ya zana Niyu Yok, benen Empire State mai hawa 102 shi ne ya fi ko wane gini tsawo a duniya. Cikin 1970 aka tsere masa, tun 2010 kuwa Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 ke riƙe da kambun. Hong Kong da ya zana tana hannun Ingila ne, cikin 1997 aka mayar wa ƙasar Sin da ita. Littafinsa na 1963 a kan Kef Kanabaral, inda Amurka ke harba kumbo, bai daɗe da fita ba aka sake wa wurin suna don tunawa da Shugaba Kenedi, tilas aka sake wa littafin suna shi ma. Shi ya sa da aka fara sake buga littattafan nan daga 2003, sai da aka ƙara musu shafi a ƙarshe mai gyara abin da zamani ya sake.

Na uku ya fi waɗannan nauyi. In ka jera littattafan nan 18 a kan taswira, 9 suna Turai, 6 suna Amurka, sauran 3 su ne Isra'ila da Hong Kong da Ostareliya. Ba Afirka ko ɗaya, ba Amurka ta Kudu, ba Indiya, ba Alƙahira, ba Santambul, ba ko da Firag mahaifarsa. Ba za mu ɗora wa mutum ɗaya laifin bai zaga duniya duka ba. Ya je inda masu buga littafi suka ga za a saya, da inda ɗan gudun hijira ke iya zuwa. Amma malamin da ya miƙa wa yara waɗannan ya ce musu ga duniya, ya ba su kunnen giwa ne ya ce musu ga giwa.

Emil a Barlin

Yanzu mu juya ga ɗayan. Erik Kestna mutumin Diresdin ne, an haife shi cikin 1899, ya rasu a Munik cikin 1974. Yana aikin jarida a Barlin sai wata mai buga littattafai, Edit Yakobson, ta roƙe shi ya rubuta wa yara labari. Cikin 1929 ya fitar da Emil und die Detektive, watau Emil Da 'Yan Sandan Ciki. A zamanin nan yawancin labarun yara na Jamus a daji a ke yin su, ko a fadar wani sarki na da. Kestna ya ɗauko nasa ya ajiye shi a kan titin Barlin na ranar, da ainihin sunayen tashoshi da unguwanni.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Emil yaro ne ɗan ƙaramin gari, ubansa ya rasu, uwarsa tana wankin kai da gyaran gashi a gida don su ci. Da aka yi hutu ta aike shi Barlin wurin kakarsa, ta ba shi mak 140, kuɗin Jamus na lokacin, 120 na kaka, 20 nasa. Don tsoron ɓata ya sa takardun kuɗin cikin ambulan ya maƙale su da fil a cikin aljihun kwat. A jirgin ƙasa barci ya sace shi, wani mutum mai baƙar malafa da ke zaune kusa da shi ya sace kuɗin. Da ya farka ya hangi ɓarawon yana sauka a wata tasha, sai ya bi shi, alhali kuwa kakarsa tana jiransa a wata tasha dabam. Bai kai ƙara wurin 'yan sanda ba, domin yana da nasa laifin: ya taɓa shafa wa mutum-mutumin wani basarake jan hanci a garinsu, yana tsammani nemansa a ke yi.

Ga yaro baƙo a birni mai mutum fiye da miliyan 4, ba anini a aljihunsa, bai san kowa ba. Ya shiga taragon lantarki na cikin gari yana bin ɓarawo, mai karɓar kuɗi ya zo, ba abin biya, sai wani mutum mai karatun jarida ya biya masa. Yana laɓe yana gadin ɓarawon da ya zauna cin abinci, sai wani yaro ɗan gari, Gustab, mai yawo da ƙahon mota, ya busa masa a baya. Da ya ji labari ya zaga unguwa ya tara abokansa. Suka yi shawara, suka haɗa 'yan kuɗin aljihunsu, suka raba aiki: waɗansu su bi sawu, waɗansu su kai saƙo, ƙaraminsu kuma, mai suna Dinstak, watau Talata, mu ce Ɗantala, aka ce ya zauna gida gindin tarho yana karɓar labari yana isarwa. Suka bi ɓarawon har masaukinsa. Da gari ya waye yara kamar ɗari suka kewaye shi, duk inda ya sa ƙafa suna biye. Ya faɗa banki don ya canja takardun, ya rantse nasa ne. Nan Emil ya tuna da fil ɗinsa, ya ce a ɗaga takardun a duba, za a ga huda. Aka ɗaga, ga huda. Daga baya aka gane mutumin ɓarawon banki ne da a ke nema, aka ba Emil ladan mak 1,000.

To, me yaro mai karatu ya koya game da Barlin? Ya koyi birnin yana da tasha fiye da ɗaya, kuma in ka sauka a wadda ba ita ba ka ɓata. Ya koyi yadda a ke shiga tarago, da yadda a ke ɗaukar motar haya, da amfanin tarho, da aikin banki, da yadda abu kan faru da safe a gan shi a jarida kafin dare. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka tsayar da shi aka ce ya haddace. Ya koye su ne domin Emil yana bukatarsu, shi kuwa zuciyarsa tana tare da Emil. Abin da bukata ta koyar da wuya ya ɓace.

Amma babban abin da ya koya ya wuce wannan. Ya koyi cewa a wancan birni mai nisa akwai uwa mai ƙirga kuɗi sau biyu kafin ta ba da, akwai yaro mai tsoron ɗan sanda sabo da ɓarnar da ya yi a ɓoye, akwai ɓarawo, akwai kuma mutumin kirki mai biya wa yaron da bai sani ba kuɗin mota. Waɗannan duk ya san su a garinsu. Mak 140 ba kome ba ne a wurin yaron da bai taɓa ganin mak ba, amma Kestna ya fara nuna masa kawuna nawa uwar ta wanke kafin ta tara su, sabo da haka in aka sace su sai ya ji kamar daga aljihunsa aka zare. A ƙarshe kuma, sa'ad da kowa ke yabon Emil, kakarsa ta tashi ta ce yabo na ƙaramin nan ne da ya zauna gindin tarho, ya so a ce da shi a ke farauta amma ya tsaya inda aka ajiye shi. Irin wannan hukunci ko wace kaka a duniya tana iya yanke shi.

Abin mamaki kuwa, ainihin Barlin da Kestna ya kwatanta ta fi biranen Shashek sakewa. An ragargaza ta a yaƙi, an raba ta da bango daga 1961 zuwa 1989, an sake wa tituna suna, kuɗin mak ma an daina ciniki da shi tun 2002. Duk da haka ba a bukatar shafin gyara a bayan littafin, domin abin da ya dogara a kai bai rushe ba.

Kada mai karatu ya ce mun wanke Kestna sarai. Yarinya ɗaya tak ke cikin ƙungiyar yaran, Poni, 'yar'uwar Emil, aikinta kuwa bai wuce ta zo a kan keke ta kawo musu abin karin kumallo ta koma gida ba. Barlin ɗinsa kuma ta cika lafiya. Littafin ya fita ne a shekarar da kasuwar duniya ta karye. Zuwa farkon 1932 marasa aikin yi a Jamus sun kai miliyan 6, cikin Janairu 1933 Hitila ya hau mulki. Ran 10 ga Mayu na shekarar aka ƙone littattafai a dandalin Barlin, har da na Kestna, yana tsaye cikin taro yana kallo, ko da ya ke an ƙyale Emil a wannan karo. Edit Yakobson, da ya ke Bayahudiya ce, ta gudu, ta rasu a Landan cikin 1935. An juya Emil da Turanci tun kafin ya shekara biyu, yaran Ingila sun karanta shi sun so shi, amma tsaran Emil na ƙasashen biyu su ne suka harbi juna daga 1939. Wannan ya isa ya hana mu cika baki. Littafi ba ya tare harsashi. Iyakar abin da ya ke iyawa shi ne ya sa ƙarya ta sha wuya kafin ta shiga: wanda ya taɓa zama abokin Gustab, in aka ce masa mutanen Barlin duka aljannu ne, akwai wani abu a zuciyarsa da zai ce, ban da Gustab. A kan wannan ɗan abu Yella Lefman ta kafa aikinta, Kestna kuwa yana cikin waɗanda suka taimake ta.

Inda baƙo ya fito

Akwai wani aibi da kan shiga ko da cikin labarin da ya cika sharuɗɗan nan. Misalinsa A Bear Called Paddington, wanda Maikal Bond ya fitar cikin 1958. Labarin wata 'yar dabbar daji ce mai gashi, irin wadda Larabawa ke kira dubbu, wadda ta ɓuya cikin jirgin ruwa daga Peru, aka tsince ta a tashar jirgin ƙasa ta Paddington a Landan da 'yar takarda rataye a wuya mai roƙon a kula da ita. Wani magidanci da matarsa suka kai ta gida suka riƙe, suka raɗa mata sunan tashar. Bond ya faɗi cewa abin da ya tuna shi ne yaran da aka kwashe daga Landan lokacin yaƙi, ko wane da takarda a wuya da 'yar akwati. Babban abokin dabbar nan a labarin wani mai kantin tsofaffin kaya ne, ɗan ƙasar Hangare, shi ma baƙo. Littafin ya fita 'yan makonni bayan tarzomar unguwar Notin Hil, inda samarin Turawa suka far wa baƙaƙen fata 'yan tsibiran Karebiyan, a wannan yanki kuwa aka ajiye gidan da ke cikin labarin. Littafin da ya koya wa yaran Landan karɓar baƙo a irin wannan lokaci ya cancanci yabo.

Amma duba yadda aka raba ilmi a cikinsa. Landan an san tasharta, da titinta, har da lambar gida. Peru kuwa, ƙasar da ta yi daular Inka, kusan ba a faɗi kome a kanta ba sai laƙabin duhu da aka liƙa mata. Da farko ma daga Afirka Bond ya so ya ɗauko dabbar, sai wakilinsa ya gaya masa ba irinta a Afirka, ya sake sunan ƙasa ya bar duhun yadda ya ke. Yaron da ya karanta zai koyi tausayin baƙo, amma ba zai koyi cewa baƙon ya baro gari mai suna da tituna kamar nasa ba. Tausayi irin wannan daga sama ya ke saukowa, bai kai zumunci ba.

Maganin wannan shi ne mutanen ko wane gari su rubuta nasu. Chinua Achebe ya ga irin littattafan da a ke ba 'yarsa a makaranta, da yadda su ke kwatanta Afirka, sai ya rubuta Chike and the River, aka buga cikin 1966. Chike yaro ne ɗan shekara 11 da ya baro ƙauye ya zo Anacha wurin kawunsa. Burinsa duka shi ne ya haye Kwara a jirgin fito ya ga Asaba, kuɗin fito kuwa sisi ne zuwa, sisi dawowa, ba shi da su. Bayan wahala ya samu ya haye, ya shagala da kallo har jirgin ƙarshe ya tashi ya bar shi, ya kwana cikin wata babbar mota, ashe ta ɓarayi ce, ta bakinsa aka kama su. Ga ƙauye, ga birni, ga kuɗi kaɗan masu nauyi, ga ɓarawo: ginin Emil ke nan, ko da ya ke ko wane da ƙasarsa aka gina shi. Yaron Barlin da ya karanta wannan ya san Anacha irin sanin da yaron Anacha zai yi wa Barlin ta hanyar Emil. Sa'an nan ne ciniki ya faɗa daidai.

Mu ma muna da gadon irin wannan, har ya girmi duk waɗanda muka ambata. Dorugu yaro ne Bahaushe daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Nijar ta yanzu. An kama shi bauta yana ƙarami, wani Bature matafiyi ya 'yanta shi, ya bi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, har Tumbutu, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Landan cikin 1855. A Ingila ya ba wani malamin mishan mai suna Shon labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa cikin 1885. A nan Landan ce abin kallo, yaron Hausa ne mai kallo, yana lura da yadda Turawa su ke zama cin abinci da sauran al'adunsu, yana auna su da abin da ya sani a gida. Daga baya Abubakar Imam ya rubuta labarin tafiyarsa Ingila ta 1943. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan ido a sa shi cikin labarin da aka shirya musamman domin yara.

Shawara ga malamai da marubuta

Malamin da aka kawo wa littafin wani birni don ya karanta wa yara, ya kamata ya yi masa tambaya uku kafin ya shiga aji da shi. Shin akwai wani a ciki mai suna, wanda ke bukatar wani abu har yaro ya damu ko zai samu? Shin mutanen garin suna yin wani abu, nagari da mugu, ko kuwa an jera su ne don kallo? Shin in akwai baƙo a ciki, garinsu yana da suna da daraja? Littafin da ya amsa ukun nan ya isa a dogara da shi. Wanda bai amsa ba, ba a ce a yar da shi ba. Irin na Shashek yana da wurinsa, kamar yadda taswira ke da wurinta a bango: a buɗe shi bayan an karanta labari, sa'ad da yara da kansu suka tambaya, wai yaya tashar nan ta ke? A lokacin nan hoto ya sami abin da zai rataya a kai.

Masu rubutu da Hausa kuwa ba sai sun je nesa neman birni ba. Yaranmu suna zuwa Makka da Jidda tare da iyayensu, suna da dangi a zangon Kumasi da Akara, da Ikko, da Hartum, waɗansu suna karatu a Alƙahira. Wanda ya san ɗaya daga cikin waɗannan birane sanin zama, ya ɗauki yaro guda, ya raɗa masa suna, ya ba shi saƙon da ba shi da halin ɓatarwa, ya sauke shi a tashar da ba ita ba. Sauran aikin mutanen garin za su yi masa. In hasumiya ta shigo cikin labarin, to, ta shigo domin a gindinta aka ce yaron ya jira wani.

Allah ya ba mu marubutan da za su ɗauki wannan aiki, ya sa yaranmu su amfana, amin.